Kafin A Ba Taransifoma Wuta

'Yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda na san wasu za su ce ba ta isa shiga wannan mujalla ba. Mun saba cika waɗannan shafuffuka da zancen mulkin ƙasa, da kuɗin makaranta, da halin da talaka ke ciki, kuma duk sun cancanta. Amma yau zancena a kan wani ƙarfe ne mai launin toka, wanda ke zaune bisa dakali ko tsakanin turaku biyu a bakin unguwa, yana gurnani dare da rana, ba mai kula da shi sai ran da ya yi shiru. Ina nufin taransifoma. Abin da nake so in tabbatar shi ne, ranar da ta fi kowace muhimmanci a rayuwar wannan ƙarfe ita ce jajibirin ba shi wuta, kuma mu 'yan boko muna da hannu dumu-dumu cikin ɓata wannan rana.

Bari in fara da abin da ya faru a kan idona, don kada a ce shaci-faɗi nake yi. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi wata da watanni cikin duhu. Da jira ya ishi mutane sai aka kafa kwamiti, aka yanka wa kowane gida abin da zai bayar. Tela ya bayar, mai walda ya bayar, mai injin niƙa ya bayar, har tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin hanya ta kwance bakin zanenta. Da yake ni ne ɗan jami'ar da ke gida hutu, sai aka ɗora mini aikin sakatare. Kuɗin bai kai na sabuwa ba, saboda haka aka sayo ta hannu, wadda aka gyara aka fesa wa fenti, tana ƙyalli sai ka ce amarya. Aka sauke ta a gindin katangar makarantar firamare, ta yi makonni a nan ruwan damina na zuba a kanta, ana jiran a gama dakali. Wani babban mutum da ya cika mana ragowar kuɗin ya aiko cewa ran Asabar zai zo ya ƙaddamar. Ni da hannuna na rubuta takardun gayyata.

Ran Juma'a da hantsi sai ga wani saurayin injiniya da 'yan akwatunansa. Ya zagaya ta, ya ɗaura wayoyi ya yi awo, ya ɗibi manta a kwalba ya tafi. Can da la'asar ya dawo ya sami mai unguwa a zaure, ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan taransifoma ta sha ruwa. In aka ba ta wuta gobe, ba na ɗaukar alhakin abin da zai biyo baya. A ba ni 'yan kwanaki a tace man, a busar da ita, a sake awo.” Mai unguwa ya ce, “Haba ɗana, an riga an kafa rumfa, baƙi na hanya. Ba yadda za a yi a lallaɓa?” Ya ce, “Baba, da ana lallaɓa wuta, da na lallaɓa muku.” Kafin ya rufe baki matasa sun yi masa ca. Wani ya ce na goro yake nema, wani ya ce ɗan adawa ne aka turo ya ɓata wa babban mutum biki. Ya tattara kayansa ya tafi bai sa hannu a takarda ba. Ni kuwa ina tsaye riƙe da littafin kwamiti, ban ce uffan ba, don raina na kan takardun gayyatar da na riga na rarraba.

Da dare aka samo wani gwanin hawa turke ya ɗaura wayoyi. Ran Asabar aka yi kiɗa, aka yi jawabai, aka yanke kirtani, ƙwayayen fitila suka kama, yara suka ɗauki sowa. Ba a cika mako biyu ba, wata rana tsakar dare sai muka ji ƙara kamar an harba igwa. Taransifoma ta fashe, man cikinta ya kama da wuta, ya cinye rumfar mai shayi da shagon tela har da kekunansa. An yi sa'a ba a rasa rai ba, amma kuɗin tsohuwa mai ƙosai ya bi hayaƙi, duhu kuma ya dawo ya fi na da tsawo. Babban mutum bai sake waiwayarmu ba.

Da na komo makaranta kunya ta kai ni sashen injiniyan lantarki, na zauna da abokaina da wani dattijon ma'aikacin ɗakin gwaji, na roƙe su su fahimtar da ni abin da saurayin nan ya gani wanda mu ba mu gani ba. Abin da na koyo shi zan zayyana. Kada fa wani ya karanta ya ɗauki filaya ya nufi taransifoma. Wannan aiki na wanda aka horar aka ba izini ne kaɗai. Nufina mu san abin da ya kamata mu nema a yi, mu kuma san darajar wanda ya tsaya a kan sai an yi shi.

Asalin hikimar taransifoma tun 1831 take, sa'ad da Michael Faraday na Ingila ya gano cewa wutar da ke canzawa a naɗin waya ɗaya tana haifar da wuta a wani naɗin da bai taɓa shi ba, in dai zoben ƙarfe ɗaya ya ratsa su. Ta unguwa aikinta ta karɓi wuta mai ƙarfin bolt 11,000, ko 33,000 a wasu wurare, ta sauko da ita zuwa 415 tsakanin layi da layi, watau kimanin 240 a soket ɗin ɗakinka. A cikin tankinta akwai tarin fallayen ƙarfe, da wayar jan ƙarfe ko alminiyam da aka naɗe kamar gammo, da wata takarda ta musamman da aka lulluɓe wayar da ita, duka an nutsar da su cikin mai. Man nan yana kwashe zafi, yana kuma taya takardar zama shamaki tsakanin waya da waya. To, ku lura: abin da ya raba bolt 11,000 da firjin gidanku takarda ce da mai. Babban abokin gabarsu kuwa danshi ne, ko yaya ya shiga sai ya karya ƙarfinsu.

Wani zai ce, ai masana'anta ta gwada ta kafin ta sayar. Haka ne, in sabuwa ce daga masana'antar kirki. Amma tsakanin ƙofar masana'anta da dakalin unguwa akwai tafiya. Babbar mota ta yi ta jijjiga ta a ramukan hanya tun daga Ikko, an ɗaga ta da sarƙa an dire, ta kwana a sito ko a fili ta sha raɓa da ƙurar hunturu. In ta hannu ce kuwa, ba wanda ya san tarihinta sai mai gyaran da ya buɗe ta, shi kuma ciniki yake so. Fenti ba ya ba da labarin ciki.

Matakin farko kiyaye ran mai aikin ne. Kafin hannu ya taɓa kome, sai an raba taransifomar da layi ta fuska biyu, ta sama inda babbar wuta ke shigowa, da ta ƙasa inda take fita zuwa gidaje. A zare fiyus, a kulle, a rataya gargaɗi, mai aikin ya riƙe mabuɗin a aljihunsa. Sa'an nan a gwada da na'ura a tabbatar babu wuta, a ɗaure layukan da wayar ƙasa. Me ya sa har da fuskar gidaje? Domin taransifoma ba ta san gaba da baya ba. A ƙasar da kusan kowane shago ke da janareta, ya isa mutum ɗaya ya ta da injinsa bai raba gidansa da layin gari ba, sai bolt 240 ɗinsa su bi waya su shiga taransifoma ta baya, su fito ta sama sun zama dubbai, su sami wanda ke riƙe da waya yana zaton matacciya ce. Shi ya sa ƙa'idar masu aikin ita ce, kowace waya rayayya ce har sai an gwada ta an ɗaure.

Mataki na biyu aikin ido ne. A karanta farantin da ke jikinta, mai ɗauke da ƙarfinta da lambarta da shekarar ƙira, a gwama da takardar ciniki, kada a biya kuɗin mai kVA 500 a kawo mai 300. A duba ko mai na tsatsafowa daga gindin tanki ko bakin marfi, a duba madubin da ke nuna iyakar man. A bi ƙahonin tangaran da wayoyi ke shiga ta cikinsu, waɗanda masu aikin ke kira bushin, don tsaga kamar silin gashi ta isa ta tara ƙura da raɓa ta zama hanyar wuta. Irin masu ƙaramin tanki a sama suna da wata 'yar kwalba a gefe cike da tsakuwar silika, domin taransifoma tana numfashi: in ta yi zafi man ya kumbura ya tura iska waje, in ta huce ta shaƙo iska ciki, tsakuwar nan kuwa ita ke tsotse danshin iskar. Irin da aka fi sani shuɗiya ce tana busasshiya, in ta ƙoshi da ruwa sai ta koma ruwan hoda. Tamu, da na tuna, kwalbar ma a fashe take, an ɗaure bakin da leda. Sai maɓallin da ke daidaita ƙarfin wutar da za ta fitar, wanda galibi hawa biyar gare shi, kowane hawa na ƙara ko rage kashi biyu da rabi cikin ɗari. A tabbatar ya zauna daram an kulle shi, don in ya tsaya tsakanin hawa biyu zai yi ta tartsatsi cikin mai. Ba a kuwa juya shi sa'ad da taransifoma ke da wuta.

Mataki na uku shi ne awo, inda na'ura ke faɗin abin da ido ba ya gani. Na farko awon shamaki ne, da na'urar da aka fi sani da Megger. Ana tura wuta mai ƙarfi, har bolt 5,000 a fuskar sama da ƙasa da haka a fuskar gidaje, tsakanin kowane naɗi da tanki, da tsakanin naɗin biyu, a ga yawan abin da ke sulalewa. Lafiyayyen shamaki yakan nuna juriya ta ɗaruruwa ko dubban miliyoyin om, adadin kuma yakan yi ta hawa in aka bar na'urar tana aiki. Jiƙaƙƙe kuwa adadinsa ƙasa yake, ba ya kuma gusawa. Tilas a rubuta zafin man a lokacin awo, don adadin yakan ragu da kusan rabi duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 10. Wanda ya kawo maka lamba babu zafi, rabin magana ya kawo. In an gama sai a sauke wutar da ta taru a naɗin zuwa ƙasa kafin a taɓa, don takan maƙale ta jira hannu.

Na biyu awon naɗi ne. A irin tamu, kowane zagaye ɗaya na waya a fuskar gidaje yana da kimanin 46 a fuskar sama. Ana auna wannan a layuka uku duka, kuma ƙa'idar hukumar IEC, mai tsara ma'aunin kayan lantarki a duniya, ba ta yarda a kauce wa abin da ke rubuce a babban hawa da fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. In an kauce, ko wasu zagaye sun manne da juna, ko mai gyara ya yi ƙwauron waya. Na uku awon juriyar wayar kanta ne: layuka uku su zo kusan daidai, in ɗaya ya yi fice akwai ƙullin da ya saki a ciki, nan kuwa zafi zai taru. Na huɗu awon mai ne. Ana ɗibarsa daga ƙasan tanki, inda ruwa ke kwanciya, cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, a zuba a wani ƙoƙo mai ƙarafa biyu da ke fuskantar juna da ratar milimita biyu da rabi, a yi ta ƙara wuta har tartsatsi ya tsallaka. Sau shida ake yi a ɗauki matsakaici. Sabon mai, tun ba a tace shi ba, bai kamata ya kasa jure bolt 30,000 ba, in an tace kuwa yakan ninka haka. Man da ya gaza sai a tace shi da injin da ke dumama shi yana tsotse danshi, ko a canza. Wannan ne saurayin nan ya nemi 'yan kwanaki ya yi muka hana shi.

Akwai kuma abubuwan da ke kewaye da ita, waɗanda ha'inci ya fi sauƙi a kansu don wasu a binne suke, wasu a bisa turke. Wayar ƙasa ita ce ƙofar da wuta ke bi ta gudu in wani abu ya lalace. Tanki da wayar nutural da makarin aradu duk sai an haɗa su da sandunan da aka kafa cikin ƙasa, a kuma auna a ga ƙasar na karɓa. Mu da ke zaune a ƙasa mai rairayi, wadda ke bushewa ƙamas da rani, ramin da ya ba da adadi mai kyau a watan Agusta yana iya zama na banza a watan Maris. In nutural ya tsinke ko ya saki, gidan da ya kamata ya sami 240 yana iya samun abin da ya doshi 415, fitilu su yi wani irin haske su fashe, firji da talabijin su bi. Fiyus kuma sai ya dace da ƙarfinta: mai kVA 300 a kan layin 11,000, cikakken abin da take ja a sama bai kai ampiya 16 ba, abin da take bayarwa a ƙasa kuwa kimanin 417 ne. Wanda ya cire fiyus ya ɗaura guntun waya mai kauri don kada wuta ta riƙa yankewa, ya sallami mai gadi ne ya bar ƙofa buɗe. Daga ƙarshe a yi shinge da ƙofa da kwaɗo saboda yara da dabbobi.

Sai duk wannan ya kammala, an rubuta an sa hannu, sa'an nan a ƙirga mutane da kayan aiki, a kwance wayoyin ƙasa na wucin gadi, kowa ya ja da baya, a ba ta wuta ba tare da an ɗora mata gida ko ɗaya ba. A saurari kukanta: lafiyayya gurnani ɗaya take yi mara yankewa, in kuwa aka ji ƙaras-ƙaras ko tafasa a kashe nan take. A auna layi da layi, da layi da nutural, a duba jerin layukan, don in an musanya biyu injin niƙa da famfon burtsatse za su juya da baya. A bar ta haka wasu sa'o'i, sau da yawa yini da kwana, sa'an nan a shiga ɗora mata kaya kaɗan-kaɗan, ana raba gidaje daidai a kan layuka uku. Rabon nan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu. Ƙa'idar IEC ta ɗauka zafin iska ba zai wuce digiri 40 ba, alhali Sakkwato da Maiduguri sukan haura haka da bazara. An kuma san cewa in wurin da ya fi zafi a naɗin ya wuce digiri 98, kowane ƙarin digiri 6 yana ninka saurin tsufan takardar. Taransifomar da za ta iya shekara talatin tana aiki, sai lodi da zafi su tsofar da ita cikin 'yan shekaru.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma na taɓa ba kaina ita. Za a ce, mutumin da ya yi watanni cikin duhu, sana'arsa ta tsaya, 'ya'yansa na kwana cikin zafi da sauro, da wane baki za ka ce masa ya ƙara haƙuri? Wannan magana tana da nauyi, ban kuwa raina ta ba. Amma a yi lissafi. Awon da na lissafa duka, in da kayan aiki, yini ɗaya ne ko biyu. Ko an sami aibi irin namu, 'yan kwanaki ne. Mu da muka ƙi haƙurin 'yan kwanaki mun yi na watanni, ga asarar dukiya a kai. Sauri ya haifi nawa.

Za a kuma ce masu binciken su ne matsalar: sai ka yi ta sintiri ofis ana ce maka ba mota, ba na'ura, wani kuma da ka ba shi na goro zai sa hannu ko bai ga taransifomar ba. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, takardar shaidar da aka saya kuwa ta fi rashin takarda muni, don tana sa mutane su saki jiki. Amma in ɗakin awon asibiti ya lalace gyara shi ake yi, ba wanda zai ce a riƙa ƙara wa majinyata jini ba awo. Doka ma ba ta bar mu cikin shakka ba. Bayan NEPA da aka kafa a 1972 ta zama PHCN a 2005, aka kuma fara miƙa rabon wuta ga kamfanoni goma sha ɗaya a Nuwamba 2013, sai a 2015 aka kafa hukumar NEMSA da doka, aka ɗora mata bincike da gwaji da ba da shaida ga kayan lantarki kafin a sa su aiki. Dokar Lantarki ta 2023 ta tabbatar mata da wannan aiki. Hukumar NERC, mai sa ido kan harkar, ta sha faɗa cewa samar da taransifoma da turaku da waya nauyin kamfanin rabon wuta ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba. Watau tun ranar da muka karɓi kuɗin tsohuwa mai ƙosai muka ɗauki kayan da ba namu ba, sa'an nan muka ƙi bin ƙa'idar ɗaukarsa.

To, ina laifinmu mu 'yan boko? Talakan unguwa bai san om ba, bai san ampiya ba, fenti ya gani ya yi murna. Amma wa ke rubuta takardar kwangila babu sharaɗin gwaji? Wa ke tsara ranar biki ya kai wa shugaba tun ba a sauke taransifoma daga mota ba? Wa ke shirya baucan biyan ɗan kwangila, ya rubuta an kammala aiki yadda ya kamata, alhali bai ga takardar awo ko ɗaya ba? Mu ne, ko yayyenmu da suka bar wannan makaranta shekara biyu ko uku da suka wuce. Mun koyi tsoron ɓacin ran maigida fiye da tsoron gobara. Mun saba da cewa abin da ake ɗauka hoto shi ne aiki, awon mai kuwa ba ya shiga hoto, saboda haka kuɗin rumfa da makaɗa ba ya wuyar samuwa, na gwaji ne kullum babu.

Ga abin da nake roƙo. Ga ma'aikacin da fayil zai biyo ta teburinsa: kada ka sa hannu a bauca sai an manna takardar awo mai ɗauke da lambobi, da zafin mai, da ranar awo, da lambar taransifomar, da sunan wanda ya auna. Kalmar “lafiya lau” ita kaɗai ba awo ba ce. Ga mai tsara biki: takardar shaida ta fara zuwa, sa'an nan a sa rana, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kwamitin unguwa: ku nemi kofen takardar ku ajiye, don da ita za a gwama awon baɗi a san ko lafiyar taransifomar na raguwa, kuma kada ku yarda wani ya ɗaura muku wuta da dare a ɓoye. Ga hukumomi: a ba masu bincike mota da na'ura, a yanka musu kwanakin da ba za su wuce ba, don jinkirin ofis shi ke tura mutane wajen gwanin hawa turke. Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: 'yan'uwanmu na sashen injiniya suna bazuwa ƙauyuka da birane kowane hutu, su zauna da dattawan unguwanninsu su karanta musu takardar awo da Hausa, ba tare da sun sa hannu a waya ba. Abin da ya fi duka kuwa, in muka ga mai sani shi kaɗai a tsakiyar taro yana cewa tukuna, mu matsa kusa da shi mu tsaya, ko da takardun gayyatar da hannunmu muka rubuta.

A hutun da ya biyo na nemi saurayin injiniyan nan har na same shi a bakin aiki, na gaya masa ko ni wane ne, na ba shi haƙuri. Ya yi murmushi ya ce, “Malam, ya wuce. Amma ran da ka zauna bisa kujera aka kawo maka fayil, ka tambayi takardar awo.” Na yi masa alkawari. Da yawa daga cikin masu karanta wannan za su riga ni hawa kujerar, shi ya sa na miƙo muku saƙon tun yanzu.